Kafin kyandir na uku ya mutu: sayar da gidan da bashi ya hau a Parakou da Djougou

Duk wanda ke da rumfa a kasuwar Arzeke ta Parakou ya san shekarun nan ba su zo wa fatake da sauƙi ba. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disamban 2020. Mutane ba su gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, gadar da ta haɗa Malanville da Gaya ta rufe. ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar nata ɓangaren a garƙame, manyan motocin da suka saba bi ta Parakou suka koma hanyar Lome da Burkina Faso. Ana cikin haka naira ta zube, daga wajen 460 a dala ɗaya zuwa sama da 1,500 cikin wata takwas, alhali sefa na nan daram, ɗaure da yuro. Mai saye daga Najeriya da ya saba ɗaukar dila goma ya koma ɗaukar biyu.

Garuruwan nan biyu kuwa hanya ce ta raine su. Djougou, wadda kakanninmu ke kira Zugu, zango ce a tafarkin goro daga Kano zuwa Gwanja tun kafin zuwan Bature, Parakou kuma nan layin dogo daga Kwatano ya tsaya a 1936. Idan hanya ta toshe, ciniki ya tsaya, amma bashi ba ya tsayawa. Wanda ya karɓi kuɗin banki ko na asusun lamuni ya jinginar da takardar gidansa, wata na ƙarewa za a neme shi.

Bashi hanji ne, in ji Bahaushe, yana cikin kowa. Abin da ya fi cutar da mutanenmu shi ne ɓoyo. Takarda ta farko ta zo, maigida ya cusa ta ƙarƙashin katifa. Ta biyu ta zo, ya kashe waya. Uwargida ba ta sani ba, ƙannensa ba su sani ba, sai ranar da wisiye, ma'aikacin da ke kai takardun shari'a, ya yi sallama a zaure.

Ya kamata a san abin da ke biyo bayan wannan sallamar. Jamhuriyar Benin, kamar Nijar da Togo, tana cikin ƙasashe 17 da ke bin dokokin kasuwanci na OHADA. Najeriya ba ta ciki, shi ya sa ɗan Kano ko ɗan Sakkwato da ya auna lamarin da abin da ya sani a gida yakan yi kuskure. A tsarin da dokar ta shimfiɗa tun 1998, mai bin bashi zai aiko da takardar umarnin biya, a ba ka kwana 20. In ba ka biya ba, a rubuta ta a ofishin filaye, daga nan gidan ya fita daga ikonka, ba ka da damar sayarwa yadda ka so. Sai a sa ranar gwanjo, ko a kotu ko a gaban notar. Farashin da za a fara da shi ana iya sauko da shi har kashi ɗaya cikin huɗu na darajar gidan. Ana kunna ƙananan kyandir ɗaya bayan ɗaya, kowanne na ci kamar minti guda, in wani ya taya, sannan biyu suka mutu babu wanda ya ƙara, magana ta ƙare. In ma uku suka mutu babu wanda ya taya, gidan ya faɗa hannun mai bin bashin a kan wancan farashin na farko. Gidan da aka yi shekara ashirin ana aza masa bulo, minti uku.

Kuma kuɗin lauya, da na wisiye, da na shela, da ruwan da ya taru, duk daga cikin kuɗin gidan za a fara cirewa. In bai isa ba, sauran na wuyanka. Ka rasa gida, bashi bai bar ka ba.

Akwai wata hanyar. Amurkawa sun yi ta bin ta bayan rikicin bashin gidaje na 2008, lokacin da darajar gidaje ta faɗi ƙasa da kuɗin da ake bin masu su: maigida ya nemo mai saye da kansa, banki ya yarda ya karɓi abin da aka samu ko da bai cike bashin ba, ya saki takarda. A Benin ba a ware wa wannan wani suna na musamman ba, sulhu ne kawai tsakanin mai bashi da wanda ake bi, kuma babu abin da ya hana shi. Banki ba gida yake nema ba, kuɗi yake nema, ya kuma san shari'ar gida na iya jan shekaru.

A ce ana bin mutum sefa miliyan 18, gidansa a unguwar Zongo kuma in an natsu zai yi miliyan 15. A gwanjo ana iya buɗe shi da ƙasa da miliyan 4. In shi ya kawo mai saye a miliyan 14, banki ya samu abin da da wuya ya samu a kotu. To, saura miliyan 4 fa? Nan ne gizo ke saƙar. Yarda a sayar daban, yafe ragowa daban. Da yawa sukan ji jami'in banki ya ce "kawo abin da ya samu, Alhaji, za mu duba", su ɗauka an yafe. Ba a yafe ba. Sai an rubuta ƙarara, da sa hannun wanda ke da ikon sa hannu, cewa an sauke ragowar, ko an rage ta zuwa kaza, ko za a biya cikin wata kaza ba tare da ƙarin ruwa ba. A cikin takardar a ambaci cire jingina daga kan gidan, abin da suke kira mainlevée da Faransanci, don babu mai hankalin da zai biya kuɗi takarda na ɗaure. In akwai ɗan'uwa ko abokin ciniki da ya tsaya maka lamuni, a rubuta shi ma an sallame shi, in ba haka ba ƙofarsa za a ƙwanƙwasa gobe.

Mu da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi, bai kamata a ce takarda ce ke ba mu kunya ba.

Maganar takarda ta kawo mu ga wata matsalar. Gidaje da yawa a Parakou da Djougou an saye su ne da 'yar yarjejeniya, shaidu biyu da hatimin mai unguwa. Dokar filaye ta Benin ta 14 ga Agustan 2013, wadda aka yi wa gyara a 2017, ta mayar da lamarin hannun hukumar ANDF da notar, kuma takardar mallaka ta ainihi ita ce titir fonsiye. Gidan da ke da ita ya fi daraja, ya fi saurin shiga. Wanda ba shi da ita, mai saye zai matse shi a farashi, shi kuwa lokaci ba ya hannunsa. Baƙon da ba ɗan ƙasa ba dokar ta bar masa ƙofar sayen gida a cikin gari bisa sharaɗi, amma ban da filin karkara, wannan ma na rage yawan masu tayi a cikin 'yan'uwa.

In gidan gado ne, ko an gina shi da gudummawar 'yan'uwa, mutum ɗaya ba ya sayarwa. Ko ba na gado ba ne, uwargida ta cancanci ta ji daga bakin mijinta, ba daga bakin dillali ba. Sau nawa sarƙarta da kuɗin adashinta suka shiga rufin ɗakin? Kuma ita ce za ta san ko a ɗaga tashi zuwa hutun makarantar yara. Wata uku ko shida na zama bayan ciniki abu ne da ake nema a samu, in an nema kafin a sa hannu. Wani mai sayen ma yakan bar iyali a sashe ɗaya su riƙa biyan haya.

Dillali kuwa a yi hattara. Akwai na Allah, akwai wanda da ya ji ƙamshin matsuwa zai zagaya ya rage farashi, ya ci la'ada gaba da baya. A sa biyu ko uku su yi wa gidan kuɗi, a yanke la'ada tun farko, kuma kuɗin ciniki su bi ta hannun notar zuwa banki, kada su kwana a aljihun kowa.

Ba duk bashin da ke cin gida ne na banki ba. A zango, galibi maigidan da ya ba ka kaya ne ke riƙe da takardarka, ko wani attajiri da ka jinginar masa. Nan sulhu ya fi sauƙi, ana zama gaban liman ko Sarkin Hausawa, a yi rangwame, a yi addu'a a tashi. Sai dai mai rangwamen na iya rasuwa, magadansa su buɗe littafi su tarar da miliyan 18, ba su ga inda aka rubuta an yafe huɗu ba. A rubuta a wurin zaman, shaidu su sa hannu, kowane ɓangare ya tafi da kwafinsa.