Na'urar Taskace Awo: Magatakardan da Ba Ya Barci

A shekarar 1978 aka kammala gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara. An gina ta don ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ta kuma shayar da hekta 23,000 ta gonaki a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Rabon ruwa mai yawa haka yana buƙatar amsar wasu tambayoyi kullum. Nawa ne a tafkin? Nawa aka saki? Nawa ya isa gonar da ke ƙarshen magudana? Idan babu rubutaccen awo, sai a koma ga kintace, kuma manomin ƙarshen magudana shi ne kan fara ɗanɗana kuɗarsa.

Tsohuwar hanya ita ce a kafa sanda mai lambobi a cikin ruwa, ma'aikaci ya zo ya duba ya rubuta. To amma ɗan'adam yana barci, yana ciwo, ga shi ruwa kan tashi da tsakar dare. Wannan ne ya sa masana suka ƙera na'urar taskace awo.

Yadda take aiki

Na'urar ƙaramar kwamfuta ce da aka keɓe wa aiki guda. Da farko akwai ma'auni, wanda ke mayar da zafi ko nauyi ko girgiza zuwa lantarki. Ga misali, ma'aunin da aka nutsar a ruwa yana jin dannawar ruwan da ke samansa, kuma kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara danni kwatankwacin na iskar da ta lulluɓe duniya. Daga nan wani sashe zai mayar da lantarkin zuwa lambobi, agogo ya liƙa musu rana da sa'a, sai a ajiye su a ma'ajiya. In ana awo kowane minti 15, za a sami awo 96 a yini, wato 35,040 a shekara.

A masana'antu akan aika awo ta waya da lantarki mai ƙarfin miliamfiya 4 zuwa 20. Hikimar farawa daga 4 ita ce, da zarar an ga sifiri an san waya ta tsinke, ba za a ɗauka tafki ne ya ƙafe ba.

Dalilin yi mata sulke

Kwamfutar ofis ba za ta yi ƙarko a bakin madatsa ba. A watan Afrilu zafin wannan yanki kan haura digiri 40 a inuwa, cikin akwatin ƙarfe kuwa ya fi haka. Da hunturu ƙura kan kutsa kowace kafa, da damina ga laima ga tsawa. Saboda haka akan zaɓi kayan da ke jure sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri har zuwa zafin digiri 85. Akwatin da ke ɗauke da alamar IP67 ƙura ba ta shigarsa, kuma yana jure nutso cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Ba a sa mata fanka, domin fanka na zuƙo ƙura. Tana cin wuta kaɗan daga batir da faifan hasken rana, kuma abin da ta ajiye ba ya gogewa in wuta ta ɗauke.

A cikin motoci

Taraktar da ke huɗa a Bakura da tirelar da ke bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato suna fama da zafi da ƙura, ga kuma girgiza. A 1986 kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar da tsarin CAN, inda sassan mota ke aika wa juna saƙo ta wayoyi biyu da aka murɗe tare. Idan aka jona na'urar taskace awo a kan wayoyin nan, za ta riƙa rubuta zafin inji da ƙarfin bugun baƙin mai da saurin juyawa. Bakanike ya duba ya ga zafi na ƙaruwa mako bayan mako, sai ya gyara tun inji bai buga ba. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani. Baƙin akwatin jirgin sama, wanda David Warren na Ostireliya ya ƙirƙiro a shekarun 1950, ɗan wannan dangi ne.

Kammalawa

Duk ƙarfin na'ura, sai an riƙa gwada ma'auninta da sandar awo lokaci-lokaci, sai kuma an sami mai karanta lambobin ya yi aiki da su. Wannan tarbiyya ana iya fara ta a makaranta. Malami ya sa ɗalibai su kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, su auna ruwan sama da rula kowace safiya a sa'a ɗaya, su rubuta har da ranakun da ba a sami ko ɗigo ba. Kafin kaka za su ga yadda damina ta gudana a garinsu, kuma daga cikinsu ne ake fatan samun injiniyoyin da za su kula da Bakolori gobe.