Linux: idan kwamfuta ta ƙi tashi bayan ɗaukewar wuta

Da bazara, ɗaukewar wuta kan yawaita a Maraɗi, Damagaram da Tawa. Idan ta ɗauke yayin da kwamfuta mai Ubuntu ke rubutu a faifai, tsarin ajiyarta na iya rikicewa. Da an kunna, sai baƙin allo ya fito da kalmar initramfs.

Kada ku yi gaggawar goge komai: galibi takardunku na nan. Saƙon allon yana faɗin sashen da ya samu matsala, misali /dev/sda2. Ku rubuta fsck -y /dev/sda2, ku jira gyaran ya ƙare, sannan ku rubuta exit.

Hattara: ba a yin fsck a sashen da ke cikin aiki, ɓarnar ƙaruwa take yi. Idan matsalar tana yawan dawowa ko da wuta ba ta ɗauke ba, mai yiwuwa faifan ya gaji: ku kwafe takardunku tun da wuri.