Gaskiya ko Jita-jita: Lambar jikin tsohon alƙalami ita ce shekararsa?

Duk wanda ya tsinci tsohon alƙalami mai shan tawada a akwatin kakansa, ko ya gan shi a hannun dillalin kayan da, lamba yake fara nema. Da zarar ya gan ta, sai ya ce ya gano shekarar da aka ƙera shi. A nan masu saye ke yin tuntuɓe, a nan kuma dillalai ke cin kasuwa.

Mu fara da Parker 51. Sau da yawa za ka ji ana cewa a 1951 aka yi shi. Jita-jita ce. An kafa kamfanin Parker a Amurka a 1888, aka kammala tsara wannan alƙalami a 1939, lokacin da kamfanin ya cika shekara 51, shi ne aka raɗa masa sunan. A 1941 ya shiga kasuwa. Haka Waterman 52: biyar ɗin na nufin ana ɗura masa tawada da ɗan hannun ƙarfe da ke gefensa, biyun kuwa girman bakinsa ne, kuma an daina yayinsa tun kafin 1952. Ita kuma 4810 da ke bakin alƙalamin Montblanc, wadda wasu ke ɗauka lambar sirri ce, tsayin dutsen Mont Blanc ne a ma'aunin mita.

Ko da ka ga cikakkiyar shekara a jikin alƙalami, kada ka yi saurin murna. Galibi ranar rajistar mallakar fasaha ce, kuma kamfani kan yi shekara da shekaru yana buga ta. Iyakar abin da za ta gaya maka shi ne alƙalamin bai girme ta ba.

To, babu lamba mai gaskiya ke nan? Akwai, sai dai ƙarama ce, sai an sa ido sosai. Daga ƙarshen shekarun 1930 Parker ya riƙa buga lamba guda a gangar alƙalami tare da ɗige-ɗige. Lambar ita ce lambar ƙarshe ta shekarar. Ɗigo uku na nufin wata ukun farko, biyu na nufin wata uku na biye, ɗaya na uku, in babu ɗigo ko ɗaya to ƙarshen shekara ne. Dabara ce ta masu hatimi: kowane zango sai a goge ɗigo ɗaya, ba sai an sassaƙa sabo ba. Saboda haka Parker 51 mai lamba 6 da ɗigo biyu, tsakanin Afrilu da Yunin 1946 aka yi shi.

Wasu kuma baki suke kafa hujja da shi. In an rubuta 14K ko 585, gaskiya ne zinariya ce, kashi 585 cikin dubu. Amma baki shi ne abin da aka fi sauyawa in ya lanƙwashe, don haka yana iya zama ƙanen alƙalamin da shekara talatin. Rubutun "Iridium Point Germany" kuwa ba shaida ba ce cewa a Jamus aka yi alƙalamin. Ya cika bakunan masu araha da ake yi a Sin da Indiya.

A ganina jikin alƙalami ya fi rubutunsa faɗin gaskiya. Kafin tsakiyar shekarun 1920 yawanci da busasshiyar roba mai tauri ake yin su, baƙa ko ja. Baƙar kan koɗe ta koma ruwan ƙasa, in ka murza ta da yatsa ta yi ɗumi za ka ji warin roba. Launuka masu sheƙi sun yawaita ne bayan kamfanin Sheaffer ya koma amfani da seluloyid a 1924. Sai yadda ake ɗura tawada: na farkon ƙarni na ashirin da yawa kwance su ake yi a ɗiga musu a ciki, Sheaffer ya yi rajistar ɗan hannun gefe a 1908, kamfanin Pelikan ya fito da mai murɗawa daga gindi a 1929. In dillali ya rantse na 1900 ne alhali jikinsa kore shar mai walƙiya, ka riƙe kuɗinka.

Batun cewa duk tsohon alƙalami dukiya ne, shi ma da gyara. Miliyoyin Parker 51 aka ƙera, ga kuma Hero 616 na Sin da ya kwaikwayi siffarsa, wanda daga nesa ba ka bambance su. 'Yar tsaga a bakin murfi ma ta isa ta karya farashi.

Akwai kuma masu cewa a jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana don tsohuwar tawada ta fita. Wannan shawara ta lalata alƙaluma da yawa, domin ruwa na koɗar da baƙar roba nan take. Bakin kaɗai ake tsomawa a ruwan sanyi. Kada kuma a kuskura a ɗura masa tawadar allo: ƙaron da ke cikinta zai daskare a siririyar hanyar da tawada ke bi zuwa baki, ya toshe ta.