Sabon Koci Kaɗai Ba Ya Gyara Ƙungiya

Lokacin da Manchester United ta sallami Erik ten Hag ranar 28 ga Oktoba, 2024, ta ɗauko Ruben Amorim daga Sporting ta Fotugal, gidajen kallon ƙwallo na garin Kongolam da ke bakin iyaka ba su huta da musu ba. Ana kashe janareta, sai a kwashe gardamar a kai ta teburin mai shayi. Magoya bayan ƙungiyar sun shiga zullumi, kuma dalilansu ba na banza ba ne. A lokacin shekarun Amorim 39 kacal, bai taɓa horar da ƙungiya a Ingila ba, an kawo shi ana tsakiyar kaka, sannan ya saba wasa da 'yan baya uku alhali 'yan wasan da zai gada da huɗu suka saba. Masu kare shi kuma suna tunatar da cewa shi ya ci wa Sporting gasar ƙasarsu a 2021 bayan shekara 19 tana nema, ya kuma maimaita a 2024.

Inda ɓangarorin biyu suka yi kuskure shi ne ɗaukar koci a matsayin wanda komai ke hannunsa. Tun da Alex Ferguson ya ajiye aiki a 2013 an gwada Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer da ten Hag. Ba zai yiwu a ce dukkansu ba su san ƙwallo ba. Ferguson ɗin da ake kewa ya karɓi ƙungiyar a 1986, bai ɗaga kofi ba sai 1990, gasar lig kuwa sai 1993. Da a yau ne, da tuni an raka shi da ihu. Idan bango ya tsage tun daga tushe, sauya mai shafe ba ya hana shi faɗuwa. Wa ke sayen 'yan wasa, da wane tsari, kuma wa'adin nawa za a ba mai horarwa? Waɗannan ne tambayoyin, kuma masu ƙungiya ne ke da amsarsu.

Abin da ya fi damuna ma yana gida. Ka samu matashi ɗan acaba a bakin iyaka, sanye da jar riga mai lamba bakwai, ya jero maka sunayen 'yan benci na Manchester ba gargada. Tambaye shi wa ke horar da Katsina United, sai ya yi shiru yana sosa ƙeya. Alhali wannan ƙungiya ce da kuɗin jiharsa ke ɗaukar nauyinta, kuma tana da tarihin da ya kamata kowane ɗan masarautar Daura ya sani.

An kafa ta a 1994. Kafin a ankara ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na ƙasa sau uku a jere: a 1995 ta kara da Shooting Stars ta Ibadan, a 1996 da Julius Berger ta Legas, a 1997 da BCC Lions ta Gboko. Duka ukun ba ta yi nasara ba, amma a duba girman waɗanda ta fuskanta, a kuma tuna ƙungiyar tana jaririya a lokacin. Me aka gina a kan wannan? Ƙungiyar ta dusashe, ta yi shekaru ba a jin ɗuriyarta a babbar gasa, sai a 2016 ta samu hayewa. Daga nan aka shiga karɓa-karɓar masu horarwa: Abdullahi Biffo, Henry Makinwa, Azeez Mohammed, Usman Abdallah, Tony Bolus, duk sun zauna a kujerar. A 2022 ta faɗa rukuni na biyu tare da Kano Pillars, a 2023 suka dawo tare. Kowane sabon koci ya zo da nasa yaran, a sallami na da, a sake sabon lale. Ina za a ga ci gaba a haka?

A dubi Remo Stars ta Ikenne a jihar Ogun, mallakar Kunle Soname. Ta riƙe Daniel Ogunmodede kaka bayan kaka, ta kafa makarantar renon yara, ta ƙare ta biyu a gasar firimiyar Nijeriya a 2023 da 2024. Ikenne ba ta kai Katsina girma ba, filin wasanta ma bai kama ƙafar filin Muhammadu Dikko na Katsina ba. Haƙuri da tsari ne suka kai ta nan.

Mu kuwa yara na nan birjik. Kowace yamma a filayen makarantun firamare na Kongolam, Mai'adua, Zango da Sandamu za ka gan su, wasu ba takalmi, an kafa duwatsu biyu a matsayin raga, suna buga ƙwallon da zai ba ka mamaki. Yawancinsu haka za su girma ba wanda ya taɓa rubuta sunansu a takarda.

Don haka ina kira ga Gwamna Dikko Umar Raɗɗa da masu kula da wasanni a jihar: duk kocin da za a naɗa wa Katsina United, a ba shi kwantiragi na aƙalla shekara uku, a bar shi ya zaɓi 'yan wasansa ba tare da takardar wani babba ba, a biya albashi da alawus a kan kari. A kuma dawo da gasar ƙananan hukumomi da ta makarantu, a tura masu farautar 'yan wasa har bakin iyaka. Ku kuma matasa, ba wanda ya hana ku son Manchester ko Barcelona, amma ran da Katsina United ke wasa a gida, ku haɗa kuɗin mota ku je filin Muhammadu Dikko ku cika shi.