Shin Fina-finan Sadaukai Sun Yi Yawa? Nazari a Kan Kasuwar Silima ta Amurka

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba wata muhawara da ta daɗe tana gudana tsakanin manazarta silima a Amurka, watau ko fina-finan sadaukai sun yi yawa har sun gundure masu kallo. Abin da muke nufi da sadaukai a nan shi ne taurarin nan masu ƙarfin al'ajabi ko makamai na ban mamaki, irin su Superman da Batman da Spider-Man, waɗanda aka ɗauko daga mujallun labarai na zane-zane na kamfanonin DC da Marvel. Za mu fara da taƙaitaccen tarihinsu, sa'an nan mu auna yawan nasu ta fuska uku: adadi, da kuɗi, da kuma sarƙaƙiyar labari. Ra'ayinmu shi ne, fuska ta biyu da ta uku su ne suka fi bayyana dalilin ƙorafin da ake yi.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Superman ya fara bayyana ne a mujalla a shekarar 1938, daga alƙalamin Jerry Siegel da Joe Shuster, Batman kuma ya biyo baya a 1939. Fim ɗin Superman na 1978 da Batman na 1989 sun sami karɓuwa ƙwarai, amma a wancan zamani jefi-jefi ake yin irinsu. Bayan X-Men na 2000 da Spider-Man na 2002 ne kamfanoni suka gane cewa dabarun kwamfuta sun kai matsayin da za su nuna mutum yana tashi sama ba tare da mai kallo ya yi dariya ba.

Babban sauyi ya zo a 2008 da fim ɗin Iron Man. Daga nan Marvel ya ɓullo da tsarin ɗaure fina-finai da yawa a cikin duniya guda, ta yadda tauraron wannan fim zai leƙo cikin wancan. A 2009 kamfanin Disney ya sayi Marvel a kan kuɗi kimanin dala biliyan 4. Daga 2008 zuwa 2019 an fitar da fina-finai 23 a ƙarƙashin wannan tsari, kuma Avengers: Endgame na 2019 ya tara kusan dala biliyan 2.8 a duniya baki ɗaya.

3.0 Ma'aunan Yawa

3.1 Adadi

Idan ƙidaya kawai za a yi, da wuya a ce sun yi yawa. Alal misali, a 2018 an saki fina-finai fiye da 700 a gidajen silima na Amurka da Kanada, alhali manyan fina-finan sadaukai na wannan shekara ba su kai goma sha biyu ba. Haka kuma idan aka kwatanta su da fina-finan kaboyi, waɗanda dattawanmu suka sani a gidajen silima na Kano da Kaduna, za a ga ba su kama ƙafarsu ba. A 1959 kaɗai, tashoshin talabijin na Amurka suna nuna shirye-shiryen kaboyi fiye da 20 a kowane mako, ban da waɗanda ake kai wa silima.

3.2 Kuɗi da Gurbi

A nan ne gizo ke saƙar. A waccan shekara ta 2018, fina-finai uku da suka fi tara kuɗi a Amurka duk na sadaukai ne: Black Panther da Avengers: Infinity War da Incredibles 2. An kashe fiye da dala miliyan 300 wajen shirya Endgame, aka kuma buɗe shi a gidajen silima fiye da 4,600 a lokaci guda. Kuɗin da za su isa a yi matsakaitan fina-finai goma sai su tafi a kan guda ɗaya, mai gidan silima kuwa ba zai ba ƙaramin fim ɗaki ba muddin babban yana cika masa kujeru.

Wannan shi ne ginshiƙin sukar da daraktan nan Martin Scorsese ya yi a 2019, inda ya kamanta fina-finan Marvel da wuraren wasa da shaƙatawa. An fi mai da hankali ga zafin kalamansa, amma a bayanin da ya rubuta daga baya a jaridar New York Times, abin da ya fi damunsa shi ne yadda sauran nau'o'in fim suke rasa gurbi a gidajen silima. Ke nan ko da adadinsu kaɗan ne, inuwarsu ta rufe fili.

3.3 Sarƙaƙiyar Labari

Tsarin da ya kawo wa Marvel riba shi ne kuma ya zame masa kaya. Bayan buɗe tashar Disney+ a ƙarshen 2019, kamfanin ya fitar da fina-finai 7 da shirye-shiryen talabijin masu dogon zango 8 a cikin 2021 da 2022 kaɗai, yawancinsu kuma a ɗaure suke da juna. Wanda bai kalli shirin WandaVision ba zai sha wuyar gane abin da ya tunzura Wanda a fim ɗin Doctor Strange na 2022. Haka nan biyu daga cikin taurari uku na The Marvels na 2023 a talabijin aka gina labarinsu. Mai kallon da ya zo neman hutu sai ya tarar ana bukatar ya yi bitar darussan baya kamar ɗalibi mai shirin jarrabawa.

4.0 Hukuncin Masu Kallo

Shekarar 2023 ta ba mu ma'auni mai kyau. The Marvels ya tara dala miliyan 200 da 'yan kai, alhali Captain Marvel na 2019, wanda shi ne mafarinsa, ya haura biliyan 1.1. The Flash na kamfanin DC ma bai kai miliyan 300 ba. Sai dai a cikin wannan shekara ce Guardians of the Galaxy na uku ya wuce miliyan 800, Spider-Man: Across the Spider-Verse kuma ya kusa miliyan 700. A 2024 Marvel ya taƙaita ga fim ɗaya tak, watau Deadpool & Wolverine, ya kuwa tara fiye da biliyan 1.3.

Abin da waɗannan alƙaluma ke nunawa shi ne, jama'a ba su juya wa sadaukai baya ɗungurungum ba. Abin da suka daina shi ne zuwa kallon kowane fim don kawai yana ɗauke da tambarin kamfani. Shi kansa shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, ya amsa a 2023 cewa yawan aikin ya rage masa inganci, a 2024 kuma ya ba da sanarwar rage fina-finan Marvel zuwa biyu ko uku a shekara. Duk da haka, a 2025 babu ɗaya daga cikin fina-finai uku na Marvel, ko sabon Superman na DC, da ya kai biliyan ɗaya.

5.0 Kammalawa

Tun a 2015 Steven Spielberg ya yi hasashen cewa fina-finan sadaukai za su bi hanyar da na kaboyi suka bi. Da haka muka fara, in ji kuturu da ya ga mai ƙyasfi. Amma ya kamata a lura cewa fim ɗin kaboyi bai mutu ba. Ya dai sauka daga gadon sarauta ya koma nau'i ɗaya cikin nau'o'i da dama, kuma Unforgiven na 1992 ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau shekaru da yawa bayan wucewar yayinsu.

A taƙaice, amsarmu ga tambayar ita ce: ta fuskar adadi ba su yi yawa ba, amma ta fuskar kuɗi da gurbin da suka mamaye, da kuma nauyin da suka ɗora wa mai kallo tsakanin 2021 da 2023, lalle sun wuce kima. Muna ba malaman adabi da na wasan kwaikwayo shawara, duk lokacin da aka yi kukan cewa wani nau'in fim ya cika kasuwa, su tambayi abin da yawan nasa ya hana a yi, domin a can ne asarar take.