Gina Gida a Gangare: A Fara da Hanyar Ruwa

'Yan'uwa manoma, ga kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, waɗansu cikinmu sun fara tara bulo da kwano domin gini. Mu da muke zaune a ƙasar duwatsu, kamar su Pankshin da Kagoro da Biu, ba kullum mutum yakan sami fili shimfiɗaɗɗe ba. Inda ka gāda nan za ka gina, ko da a gefen tudu ne. Wannan ba laifi ba ne, gama gidan gangare yakan sha iska, ruwa kuma ba ya kwanciya a tsakar gida. Amma ruwan da ba ya kwanciya, gudu yake yi, kuma yana gudu da ƙasa.

Ku dubi yawansa. A Jos ruwan shekara yakan kai wajen inci 55, mafi yawa a Yuli da Agusta. Rufin kwano mai tsawon ƙafa 30 da faɗin ƙafa 20, in aka yi ruwan inci 1 kaɗai, zai zubo da abin da zai cika duro 7. Ku haɗa da wanda yake gangarowa daga gonakin da suke bisa gidan. Saboda haka aikin fari shi ne lambatu, tun ba a kira magini ba. A haƙa shi ta gefen sama, a bayan inda gidan zai tsaya, ya tare ruwan tudu ya kewaye da shi. Kada ya miƙe zuwa ƙasa sak, sai ya karkata kaɗan kaɗan, kamar ƙafa 1 cikin ƙafa 100, don kada ruwan ya yi ƙarfi ya mai da shi kwazazzabo. A jera duwatsu a cikinsa, a dasa jema ko gamba a bakinsa. Mai hikima yakan je filin sa'ad da ake ruwa da damina, ya ga inda ruwa yake bi, ya kafa turaku, ya jira rani.

To, ga inda yawancin gidaje suke samun ciwo. Don a daidaita fili, akan sare ƙasa ta gefen sama a zuba ta gefen ƙasa. In an gama sai wurin ya yi kyau ga ido, amma ƙasa iri biyu ce: rabi ta asali ce mai tauri, rabi kuwa ciko ne. Ciko yakan ci gaba da zama har shekaru, musamman in ya sha ruwa. Kusurwar da aka ɗora a kansa takan nutse, bango ya tsage daga bakin taga zuwa sama, ƙofa ta ƙi rufuwa. Sai a ce siminti ne ba shi da kyau, ko a fara zargin maƙwabci da sammu, alhali ƙasa ce ta zauna. Harsashin gini dole ya ratsa cikon duka ya sauka a kan ƙasar asali, marmara ko dutse, ko da ramin gefen ƙasa zai ninka na sama zurfi. Ciko na ƙarƙashin daɓe ne kawai, shi ma a zuba shi inci 6 inci 6, a yayyafa ruwa, a daddaɓe kafin a ƙara. Baƙar ƙasar sama mai saiwoyi a kwashe ta a kai lambu, can take da amfani. A tone gidan gara in akwai.

Kada gindin ramin ya bi gangaren. A yanka shi hawa hawa kamar matakala, kowane hawa a kwance daidai, tsayinsa daidai da jerin bulo ɗaya ko biyu. Ba sai da na'ura ba: tiyo mai haske cike da ruwa zai nuna muku, gama ruwan bakin nan da na bakin can kullum tsayinsu ɗaya ne. Ga bulo mai inci 9, kankaren ƙasa ya yi faɗin inci 27, a kwaɓa siminti 1, yashi 3, tsakuwa 6. Mai ginin ƙasa ya ta da gindin da dutse har ya ɗara ƙasa da ƙafa 1, kāna ya ɗora tubali. A shimfiɗa leda mai kauri a kan gindin don kada danshi ya hau bango.

Gaɓar da aka sare a bayan gida, a bar ƙafa 5 ko 6 tsakaninta da bango. A tare ta da jeren duwatsu, yadda Kofyar da mutanen duwatsun Gwoza suke tare gonakinsu tun kakanni. Na fi son wannan da bangon siminti, domin ruwa yana fita ta tsakanin duwatsun. In kuwa da siminti za a yi, a bar ƙananan kafofi a gindi, in ba haka ba ruwa zai taru a baya ya ture shi. Ƙasar da take kewaye da gida ta gangara daga bango, inci 6 cikin ƙafa 10 na fari.

Saura zancen inda lambatu zai zubar. Ruwan da ka kora daga gidanka bai ɓace ba, yana kan hanyarsa zuwa gidan wanda yake ƙasa da kai, kuma irin wannan ya sha kai 'yan'uwa gaban dattawan ikkilisiya. Ya kamata ƙungiya ta zauna tun da rani, a shata babbar hanyar ruwa ɗaya ta unguwa duka har zuwa rafi, a haƙa ta da gayya, kowane gida ya haɗa nasa a ciki. A zaman nan ne kuma za a duba masai: ya kasance ƙasa da rijiya, da nisan ƙafa 100 aƙalla, har da rijiyar maƙwabcin da yake gangare.