Gaɓa Bakwai A Wuyan Raƙumin Dawa

Malam Ibn Khaldun ya ruwaito a cikin babban littafinsa na tarihi cewa a shekara ta 655 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1257 Miladiyya, Sarkin Kanem ya aika wa Sarkin Tunis, al-Mustansir, da kyaututtuka, a cikinsu har da raƙumin dawa, kuma ranar da aka iso da dabbar nan mutanen birni suka yi dafifi suka fito kallo, har fili ya cika ya batse. Bayan shekara ɗari da 'yan kai Sarkin Mali ya aika da wani zuwa Fas, nan ma aka yi irin wannan cincirindo. Tun a wancan zamani, ashe, ƙasashen nan namu ne ke fitar da abin al'ajabi, wasu kuma su zauna su yi ta ta'ajibi da tawili a kansa, domin kuwa masu hikayoyi na da sun daɗe suna cewa wai ba dabba ce mai asalin kanta ba, wai tsatson taguwa da na kura da na saniyar daji ne suka cakuɗe suka haife ta. Al-Jahiz, malamin Basra, ya kawo wannan magana a Kitabul Hayawan ya yi watsi da ita, kuma hujjarsa ta hankali ce zalla, tun da yake a lokacinsa babu wata hanya ta leƙa abin da ke cikin jini da tsoka.

Yau an sami hanyar, kuma abin da ta bayyana ya fi hikayar ban mamaki, ko da yake ta wata fuska dabam ya ɓullo. Wanda ya ɗaga kai ya dubi wuyan nan, mai kusan mita 2, zai ɗauka gaɓoɓi ne barkatai aka jera a ciki, alhali kuwa guda 7 ne kacal, adadin da ke wuyan ɗan Adam da na akuya da na ɓera da na giwa, sai dai kowace gaɓa a nan tana iya kai santimita 25 ko ma ta wuce. Wannan ƙa'ida ta bakwai ta game kusan dukkan dabbobi masu shayarwa, waɗanda nau'o'insu suka haura 6,000, ba a kuma san masu saɓa mata ba sai 'yan ƙalilan, cikinsu har da ayu na kogin Kwara da Binuwai, wanda shi 6 gare shi. Ma'anar wannan ita ce ba a ƙara wa raƙumin dawa wani kaya da sauran 'yan uwansa ba su da shi ba. Kayan ɗaya ne, gwargwado ne ya bambanta, kuma a cikin gwargwadon nan duk mas'alar take.

To, amma tsawo yana da farashi, kuma zuciya ce ke biya. Wanda ya taɓa ganin ana tura ruwa da inji zuwa tankin da ke bisa bene ya san cewa gwargwadon nisan tanki daga ƙasa, gwargwadon ƙarfin da ake bukata. Haka nan zuciyar raƙumin dawa, wadda aka ɗora wa nauyin kai jini ga ƙwaƙwalwar da ke sama da ita da misalin mita 2, ba ta da makawa sai ta tura shi da ƙarfin da ya ninka na lafiyayyen mutum sau biyu. Da za a auna mutum a asibiti a sami irin wannan awo, da ba za a bar shi ya koma gida ba, domin hawan jini mai wannan tsanani shi ke kumbura zuciya ya ƙandare ta, ya lalata ƙoda, ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Shi kuwa raƙumin dawa da wannan yake kwana yake tashi shekara ashirin ko fiye, yana sukuwa idan zaki ya taso masa, ba tare da illa ta bayyana ba.

An daɗe ana rubutawa a littattafan makaranta cewa sirrin yana cikin girman zuciyar, sai da masana suka auna ta da kyau, cikinsu har da wata ƙungiya daga jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak da ta yi aiki a Afirka ta Kudu, suka tarar nauyinta bai wuce misalin rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin jiki ba, wato daidai da abin da aka saba gani ga sauran masu shayarwa. Bambancin shi ne bangon ɗakinta na hagu yana da kauri ainun, cikin ɗakin kuma ƙarami ne, saboda haka jini kaɗan take turawa a kowane bugu, amma da matsi mai tsanani. A ƙafafu kuma, inda nauyin jini ya kamata ya taru ya kumbura su, fata ce mai tauri ta ɗame su tamau, jijiyoyin da ke can kuma bangonsu ya yi kauri ramin ya tsuke. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne halin shan ruwa. Duk wanda ya ga raƙumin dawa a bakin tafki ya ga yadda yake yin jim yana waige-waige, sa'an nan ya ware ƙafafun gaba, ya sunkuyar da kai a hankali har ƙasa, ya yi 'yan kurɓi, sa'an nan ya ɗago farat ɗaya. A ƙiyasi, sunkuyawar ta isa ta fasa jijiyar ƙwaƙwalwa, ɗagowar kuma ta isa ta sumar da shi. Masu binciken sun gano cewa idan kai ya yi ƙasa, manyan jijiyoyin wuya sukan buɗe su riƙe jini fiye da lita ɗaya, sai abin da ke komawa zuciya ya ragu, matsin ya sauka. Idan ya ɗago kuma jinin nan ya kwarara ya koma, zuciya ta sami abin turawa sama nan take.

Wannan duk bayanin zahirin jiki ne. Baɗininsa sai a 2016 aka fara buɗe shi, lokacin da Douglas Cavener na jami'ar jihar Fensilbaniya a Amurka da Morris Agaba da ke aiki a Tanzaniya suka karanta kundin gadon raƙumin dawa baki ɗaya, suka gwama shi da na okafi, ɗan uwansa mai gajeren wuya da ke zaune a kurmin Kwango, suka ware ƙwayoyin gado 70 da ke ɗauke da alamun sauyi na musamman, da yawansu kuwa masu kula da girman ƙashi ne da aikin zuciya. A cikinsu wadda ake kira FGFRL1 ta fi jan hankali, saboda ta saɓa da takwararta ta sauran dabbobi a gurbi 7. A 2021 masana daga Sin da Denmak suka sanya waɗannan sauye-sauye a jikin ɓeraye, sa'an nan suka ba su maganin da ke tayar da hawan jini, su da ɓerayen da ba a taɓa ba. Na gama-gari jininsu ya hau, zuciya da ƙoda suka sami lahani. Masu ɗauke da gadon raƙumin dawa kuwa jininsu bai hau sosai ba, gaɓoɓinsu suka tsira, ƙasusuwansu ma suka fi ƙwari. Ƙwayar gado ɗaya, ke nan, tana da hannu a ƙarfin ƙashi da kuma juriyar jijiya, abubuwa biyun da dogon wuya ba zai yiwu ba sai da su.

A nan ya wajaba a ja hankalin mai karatu, domin mu mutane ne masu saurin kai magana inda ba ta je ba. Ɓera ba mutum ba ne, kuma tsakanin gwaji a ɗakin bincike da ƙwayar magani a kanti akwai tafiya mai nisa wadda sau da yawa ba a kai ƙarshenta. Babu kuma wata fa'ida ga mai hawan jini a cikin naman raƙumin dawa ko ɓargonsa ko kitsensa, tun da abin da ake magana a kai tsari ne na halitta, ba sinadari ba ne da ake ci a ƙoshi. Mun ga abin da sunan magani ya jawo wa ayu, wanda ake farauta saboda mansa har ya yi wuyar gani a kogunan da a da yake da yawa.

Amma dalilin tsawon wuyan kansa, har yanzu akwai saɓani a tsakanin masana. Jumhuru suna kan cewa don cin ganyen da sauran dabbobi ba su kai gare shi ne. Wasu kuma, tun daga 1996, suna cewa faɗan maza ne, waɗanda ke kaɗa wuya su maka wa juna kai a kan mace. Ƙasusuwan wata dabba mai dangantaka da raƙumin dawa da aka tono a yankin Shinjiyan na ƙasar Sin, aka bayyana a 2022, mai kimanin shekara miliyan 17, da ƙoƙon kai mai kauri da gaɓoɓin wuya na karo, sun ƙara wa ɓangare na biyu ƙarfi, sai dai a ganina ba su yanke hukunci ba, domin wannan dabba gajeren wuya gare ta.

Binciken da ya fi shafar mu kai tsaye shi ne na nasaba. Shekara da shekaru ana ɗauka raƙuman dawa na Afirka duka nau'i ɗaya ne mai rassa 9, sai a 2016 Julian Fennessy da Axel Janke da abokan aikinsu suka auna samfurin fata daga sassan nahiyar, suka ce nau'i 4 ne waɗanda suka daɗe da rabuwa: na arewa, da na kudu, da na ƙasar Masai, da mai zanen raga na arewacin Kenya, ƙungiyar kare halittu ta duniya kuma ta amince da wannan a 2025. Wannan ba gardamar malamai ba ce kawai, domin idan aka haɗa su a ƙidaya ɗaya sai a ce sun haura 100,000 a kwantar da hankali, idan kuwa aka raba sai a ga na arewa, wanda namu ke ciki, bai kai 8,000 ba. Tun a 2007 ma wani bincike ya nuna cewa waɗanda ke gidajen namun daji na Turai da sunan 'yan Afirka ta Yamma, 'yan reshen Kurdufan ne, irin na Waza a Kamaru da Zakuma a Cadi, don haka farin raƙumin dawan Afirka ta Yamma da a da ke yawo daga Senegal har tafkin Cadi ba shi da sauran iri a ko'ina sai a Nijar.

A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, guda 49 suka rage a tsakiyar shekarun 1990. Ba a cikin gandu mai shinge suke ba. Da damina suna kan tudu cikin geza, da rani su gangara Dallol Boso su ci gawo, su ratsa gonaki, wani lokaci su yi wa manomi ɓarna a wake ko mangwaro, shi kuwa ya haƙura, saboda doka ta hana kisansu, kuma ƙungiyoyi suna taimaka wa ƙauyukan da rijiyoyi da ƙananan basussuka. Da haka suka haura 600. Harin da aka kai a Kure a watan Agusta na 2020, wanda ya ci rayukan mutum 8, ya tsayar da masu zuwa kallo, ya kuma tabbatar da tsoron da masana ke yi na tara iri duka a wuri guda. Saboda wannan tsoro ne tun a 2018 aka kama guda 8 aka ɗora a mota aka kai su gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara hamsin ba a ga ko ɗaya ba, a 2022 aka ƙara musu 4, kuma tuni suka fara haihuwa a can.